Golmon Kofur Ezekiyel a Kan Ɗiyar Haladu

Shekara bakwai na yi zaune a kan keken ɗinkina ina kallon mutum ɗaya yana yi wa mota ɗaya bauta, saboda haka in na ce na san Kofur Ezekiyel ba cika baki nake yi ba. Sunana Mode, tela ne ni, rumfata tana bakin kasuwar Zuru daura da wata tsohuwar tsamiya. A gindin tsamiyar nan motar take kwana, a nan kuma Kofur yake wayar gari. Matarsa Saloma ma ta taɓa ce mini, in tana so ta ji lafiyar mijinta ni take tambaya.

Mutumin Dabai ne, wani gari kusa da Zuru, gajere, mai faɗin ƙirji, wuyansa da kansa kusan kaurinsu ɗaya. Ya yi direban soja a yaƙin Bama, ya dawo a shekara ta arba'in da shida da igiya biyu ta kofur a hannun riga, da sunan da aka yi masa baftisma da shi a can, da wata irin tafiya kamar ana buga masa ganga shi kaɗai. Ba ya faɗa, ba ya zagi, ba ya kuma dariya kafin hantsi.

Abu ɗaya ne yake ci masa tuwo a ƙwarya. A wajen mutanensu Dakarkari saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato ya yi wa uban yarinya noma shekara bakwai, shi da sa'o'insa, yau su taru a gonar surukin wannan, gobe a ta surukin wancan. Ezekiyel ya yi damina biyu a gonar Yari, uban Saloma, sai aka zo ɗibar soja, ya ajiye garma ya bi. Da ya dawo ya tarar Saloma ta jira shi. Dangi suka shiga tsakani, aka kai wa Yari barguna da gishiri da awaki a madadin sauran shekarun, aka ba shi matarsa. Yari ya karɓa, amma abin bai wuce masa a maƙogwaro ba. Tun daga ranar bai taɓa kiransa suruki ba, bai kuma taɓa kama sunansa ba. "Soja" kawai yake ce masa, kuma yadda yake faɗin kalmar sai ka ɗauka sunan wata cuta ne. In maza sun zauna a Dabai ana hirar wanda ya fi jimiri a gonar suruki, Ezekiyel ba shi da bakin magana, kuma abin yana yi masa ciwo ƙwarai ko da yake bai taɓa faɗa ba.

A shekara ta hamsin, bayan girbi, Haladu mai fataucin dawa ya tafi Kaduna ya sayo wata tsohuwar motar soja a gwanjo. Kwana biyar ta yi kafin ta iso Zuru, kuma rabin tafiyar mutanen ƙauyuka ne suka yi mata, da turi. Direban da ya kawo ta ya sauka a gindin tsamiya, ya miƙa wa Haladu makulli, ya ce ko kyauta aka ba shi ita ba ya so. Haladu ya tsaya yana kallon abin da ya saya, gumi na zuba masa.

Sai ga Ezekiyel. Ya zagaya ta sau uku, ya kwanta ya shiga ƙarƙashinta, ya fito, ya dangwali baƙin mai ya murza tsakanin yatsunsa ya shinshina.

"Ba ta mutu ba," in ji shi. "Wulaƙanci aka yi mata."

Haladu ya ce, "Kohur, bari ba ni haƙuri. Wagga ko damana biyu ba ta kaiwa. Ni nac cuci kaina."

"Za ta yi bakwai."

"To in ta yi bakwai, ɗauke ta, taka ta!"

A bakin Haladu ba'a ce kawai ta mai jin haushi. Sai dai ya manta da wanda yake magana. Kalmar bakwai tana faɗawa kunnen mutumin Dabai, Ezekiyel ya ƙame kamar a fareti, ya ce a kira shaidu. Ni aka fara kira don ni ne kusa. A gabanmu aka ƙulla: Ezekiyel zai tuƙa motar, ya kula da ita, Haladu ya riƙa ba shi abin cefane. Ranar da ta cika girbi bakwai, in ta tashi da kanta ba tare da turi ba, ta kai buhun dawa ashirin Dabai kafin rana ta faɗi, ta zama tasa. Haladu ya yarda yana dariya, don a ganinsa ya sami direba a ɓagas. Kafin a tashi kasuwa labari ya zaga cewa Kofur ya shiga golmo, kuma tun ranar ba wanda ya ƙara kiran motar mota. Ɗiyar Haladu ake ce mata.

Abin da na gani da idona ke nan kowace safiya. Ana idar da sallar asuba, ina buɗe rumfa, zan tarar da shi tsaye gaban motar ya sara mata. Wallahi sara mata yake yi. Daga nan ya ɗaga murfin inji, ya leƙa lagireto ya ga ruwa, in ya ragu ya cika. Ya zaro ƙarfen awon baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya goga a farin ƙyalle ya ɗaga ya duba a haske, kamar mai sayen turmin atamfa. Farin ƙyallen nan daga wajena yake fitowa. Duk guntun da ya faɗo daga almakashina nasa ne, kuma ba ya karɓar mai launi, wai mai launi yana ɓoye ƙarya. Sai ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa su da sifana yana kasa kunne, ya sa ƙusa ya ciccire tsakuwar da ta maƙale. Bayan duk wannan ne zai zura ƙarfen tashi, wanda ake murɗawa ta gaba a tada inji, ya murɗa sau ɗaya. In ta tashi ba ya taɓa giya. Sai ya zauna ya bar ta ta ɗumama, ko da fasinja sun cika bodi suna zaginsa a cikinsu.

Na taɓa ce masa, "Kohur, ni da ni ka aiki da keke tun ba ka san mota ba, ban taɓa gaishe shi ba."

Ya dubi kekena, ya dube ni, ya ce, "Shi ya sa yana kuka kamar akuya." Washegari ya zo da ɗan mai a kwalba ya ɗiga masa, kukan ya daina.

Ranar Asabar ta giris ce da ɗaure noti. Hanyar Kwantagora gargada ce zalla, tana kwance duk abin da aka ɗaure, saboda haka yakan kwanta a ƙarƙashin motar tun hantsi har azahar, ƙafafunsa kaɗai ake gani, masu wucewa suna gaishe da ƙafafun. Fetur kuwa ba ya shiga tankinta sai ta cikin wata tsohuwar hular soja da yake tace shi da ita. Batir ba ya shan ruwan rijiya. In hadari ya haɗu, kowa na gudu yana neman mafaka, shi kuwa Kofur zai fito tsakiyar fili ya ajiye wani farin kwano nesa da kowane rufi, ya tari ruwan sama kai tsaye, ya ɗura a kwalabe ya ɓoye na rani. Saloma ta ce akwai shekarar da wani baƙo ya sha kwalba ɗaya a gidansu, har baƙon ya tafi Kofur bai sake dubansa ba.

Ya ja layi da farin fenti a jikin bodi, iyakar kaya ke nan. Sau nawa Haladu ya zo yana lallashi a ƙara buhu biyar?

"Kohur, biyat ɗai na! Mota ta, ba ƙwai ba ta!"

"Oda ce," in ji Ezekiyel.

"Wa ab ba da oda? Ni am mai mota!"

"Kai ka haifa, ni zan aura. Ba za ka karya mini ita ba."

Haka Haladu zai koma yana ƙunƙuni, wai shi bai taɓa ganin surukin da ke hana uba iko da ɗiyarsa ba.

A hanya ma haka yake. In inji ya yi zafi a tsakiyar daji, sai ya nemi inuwa ya tsaya, ya naɗe hannu. Fasinja su yi ta roƙo a zuba ruwa a wuce, ya ce ba a zuba ruwan sanyi a inji mai zafi, tsagewa yake yi. In ya ƙetare rafi ya fito, sai ya yi ta taɓa birki a hankali har ya bushe. In damina ta yi nisa aka rufe hanya, sai ya ɗaga ta a kan kututture don tayoyi su huta, ya lulluɓe ta da tamfol, duk mako ya zo ya murɗa injin don kada ya manta aikinsa. Bai taɓa ɗaukar karen mota ba. Masu lodi su yi lodi, amma hannun wani bai taɓa shiga injin nan ba, kuma hannun wani bai taɓa riƙe ƙarfen tashin nan ba.

Mun yi masa dariya, ban ɓoye ba, ni ne ma shugaban masu dariyar. Amma a cikin shekarun nan motoci uku na ga an kawo Zuru sababbi fil, da direbobi masu gilashi da karkata hula, kuma dukansu na ga kaji suna ƙwai a cikinsu. Ɗiyar Haladu kuwa tana nan tana tafe, ba sauri, ba tsayawa.

Mutum ɗaya ne abin bai burge ba. Duk ranar kasuwa Yari yakan taho daga Dabai da ƙafa, dogo, busasshe, da walkinsa da sandarsa, ya koma da ƙafa. In Ezekiyel ya tarar da shi a hanya sai ya tsaya, ya sauko, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, shiga in kai ka." Yari ba ya ko kallon motar.

"Tafi, Soja. Ƙafata tana da lafiya."

Da aka gaya masa mutane suna cewa surukinsa ya shiga golmo, sai ya tofar da yawu ya ce wannan aikin zama ne, mutum ya zauna a kujera, ƙarfe ya yi tafiyar. Maganar ta dawo kunnen Ezekiyel a rumfata. Sai ya ɗauki ƙyallensa ya je ya goge fitilun da ya riga ya goge.

Da aka shiga shekara ta shida Haladu ya daina dariya. Wani ɗan kasuwa daga Gusau ya ga motar ya yaba, ya ce in ana sayarwa yana so. Haladu ba mugu ba ne, kuma ba zai ci alkawarin da aka yi gaban shaidu ba, amma na lura ya soma tsayawa kusa da ita da safe yana kasa kunne, ko Allah zai sa ya ji wani ɗan tari. Bai ji ba.

Ranar ta zo bayan girbin shekara ta hamsin da bakwai, ranar kasuwa. Abin da ya fara da ba'a mutanen Dabai sun riga sun ɗauke shi da gaske. Tun hantsi suka cika gindin tsamiya da ganguna, wai sun zo ɗaukar amarya. Har Yari ya zo, ya ce shi gishiri ya zo saye, ya sami saiwar tsamiya ya zauna ya juya wa motar rabin baya. Kofur ya gama faretinsa na safe, ta tashi da murɗa ɗaya, ya bar ta ta ɗumama, ya kashe. Aka loda buhu ashirin. Sai ya ce zai je gida ya sa kakinsa da lambobinsa, ya biya majami'a a yi masa addu'a, Saloma kuma tana can tana fama da tukwane. Ya tsaya gaban rumfata, ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara bakwai.

"Mode," in ji shi, "ka duba mini ita."

Kaina ya yi girma har hulata ta matse ni.

Bai jima da tafiya ba sai ga Leah, yayar Saloma, da mata kamar goma sha biyu, kowacce da tulu a ka, wasu da ƙoƙon man kaɗanya. Leah mace ce da ba a yi mata musu. Ta ce a ina aka taɓa kai amarya gidan miji ba wanka? Na ga maganarta a kan hanya take. Suka wanke bodi, suka wanke tayoyi, suna waƙa, suna guɗa, gwanin sha'awa. Da sun tsaya nan da ba abin da ya faru. Sai Leah ta buga murfin inji ta ce, a nan mijin yake sa kansa kullum, lalle nan ne ya fi bukatar wanka, amma sun rasa yadda ake buɗewa.

To, ga laifina, ba zan ɗora wa kowa ba. Shekara bakwai ina kallon yadda ake ɗage maƙalar nan, hannuna yana ƙaiƙayi. Na ajiye almakashi, na taka da irin tafiyar Kofur, na ce, "Ku kauce, ku ba masana wuri." Na buɗe. Da matan suka ga baƙin ƙarfe da maiƙo sai suka yi salati irin nasu, suka ce ashe haka ya bar yarinya da dauɗa. Tulu huɗu suka juye a ciki, ni ina nuna musu lungunan da ruwa bai kai ba. Suka bi wayoyi da bel suka shafe da man kaɗanya har suna ƙyalli. Na rufe, na koma kan kekena ina jiran godiya.

Kofur ya dawo wajen azahar, kaki ya sha guga, lambobi na walƙiya. Aka buga ganga. Ya sara wa motar, ya zura ƙarfe, ya murɗa. Shiru. Ya sake. Shiru. Gangar ta soma yin ƙasa-ƙasa. A karo na uku ya tsaya, ya dubi ƙasa, ya ga ruwa na ɗiga daga inda ruwa ba ya ɗiga. Ya ɗaga murfin. Ƙamshin man kaɗanya ya bugi har waɗanda ke baya.

Na yi tsammanin zai yi ihu, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Waiwayowa kawai ya yi ya dube ni. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Haladu ya matso yana gyara riga, yana ƙoƙarin ɓoye abin da ke fuskarsa. "Kohur, abin ga bai yi min daɗi ba. Amma ka san abin da munka ƙulla. Ba turi, kuma kahin rana ta hwaɗi."

"Na sani," in ji Ezekiyel.

Ya tuɓe rigar kakin, ya ninke ta da lambobinta ya miƙa wa Saloma, wadda ta iso a guje tana hararar yayarta. Ya zo rumfata, ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba. Ba guntu na ba shi ba ranar, farin yadi na yanka daga turmi, kamu huɗu, na wani mai ɗinkin salla. Ya shimfiɗa rabi a ƙasa cikin rana, ya yayyaga rabi. Sai ya soma kwancewa. Fulogi ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya hura, ya jera. Wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya kankare man kaɗanya, ya jera kowacce daura da fuloginta. Ya cire ɗan ƙoƙon da wayoyin suke fitowa daga cikinsa, ya zubar da ruwan da ya taru, ya kifa shi a rana. Ya kwance kafireto, inda fetur ke haɗuwa da iska, ya wanke da fetur ta cikin hular nan tasa. Kowane noti yana da wurinsa a kan ƙyalle. Injin ya yanke shi a yatsu biyu, jini ya haɗu da baƙin mai, bai ko duba ba.

Mutane suka gaji suka watse cikin kasuwa, masu ganga suka tafi neman abin sha. Ni ban iya ɗinki ba, ban iya tashi ba. A nan ne na lura Yari ya juyo. Ya daina kallon kasuwa, hannuwan Ezekiyel yake kallo, haɓarsa a kan sanda, kuma tun azahar har aka kira la'asar bai ɗauke ido ba.

Inuwar tsamiya ta kai bakin rumfata lokacin da Kofur ya ɗaure noti na ƙarshe. Ya murɗa. Ta yi tari sau ɗaya ta yi shiru. Ya murɗa, ya murɗa, har na daina ƙirgawa, gumi ya jiƙe masa wando. Kowane karo sai ta yi kamar za ta kama, kafin ya saki ƙarfe ya zagayo ya taɓa totur ta riga ta mutu. Ko ni da na lalata abin na gane matsalar: sai wani ya murɗa, shi kuma yana tsaye kan injin yana ba ta wuta a daidai lokacin. Na miƙe na ce, "Kohur, in zo in kama ma?" Ya dube ni, na koma na zauna.

Ya tsaya riƙe da ƙarfen nan da bai taɓa ba wa kowa ba, yana haki, yana duban rana. Ta yi ja, ta sauko kan duwatsu. Na ji tausayinsa har cikin raina, don ni na san ba mota kaɗai ce za ta suɓuce masa ba.

Sai Yari ya miƙe. Ya jingine sandarsa jikin tsamiya, ya tako a hankali, ya miƙa hannu.

"Kawo."

"Baba, yana dukan mutum. Yana karya hannu."

"Ka ga an taɓa golmo mutum ɗaya? Kawo, nuna mini."

Ezekiyel ya miƙa masa da hannu biyu. Ya durƙusa ya gyara masa yatsu, ya mai da babban yatsan gefe ɗaya da sauran don kada ƙarfen ya dawo ya karya shi, ya nuna masa daga ƙasa ake fizgowa sama. Haladu ya buɗe baki, ya tuna ba a ce komai a kan mai murɗawa ba, ya rufe. Kofur ya zagaya ya cusa hannu cikin inji, ya ce, "Yanzu, Baba." Tsohon nan da ya yi shekara hamsin yana ɗaga garma ya fizgi ƙarfen kamar zai tumɓuke kututture. Ta yi tari, ta yi tari, Kofur ya ba ta wuta, sai ta ɗauka da wata irin ƙara da ta tada jemagun tsamiya. Hayaƙi mai ƙamshin man kaɗanya ya turnuƙe wurin, mata suka ɓarke da guɗa, Leah ta fi kowa, kamar ba ita ba.

Kowa ya soma ihu, "Tafi! Tafi! Rana!" Har Haladu, wanda ya manta ɓangaren da yake, yana ɗaga hannu yana cewa, "Kohur, ja ta mana!" Kofur ya rufe murfin inji, ya goge hannunsa, ya karɓi rigarsa ya sa, ya ɓalla maɓallai har wuya, ya hau ya zauna. Bai taɓa giya ba. Ya naɗe hannu yana jira ta ɗumama.

Na ce a raina wannan mutum zai kashe mu da hawan jini. Yari kaɗai ne bai yi ihu ba. Ya ɗauko sandarsa, ya zagaya ɗaya gefen, ya daɗe yana laluben yadda ake buɗe ƙofa, ni kuwa ban yi gigin zuwa in nuna masa ba. Ezekiyel ya miƙa hannu ya buɗe masa daga ciki. Tsohon ya hau, ya zauna a miƙe, sanda tsakanin gwiwoyi, su biyun suna kallon gaba.

Daga baya waɗanda suka hau kan buhuna sun ce sun shiga Dabai da sauran rana kamar tsawon hannu a kan dutse. Ni ban je ba, kunya ta hana ni. Abin da na gani shi ne lokacin da ya sa giya, mutane sun cika hanya gaban motar suna rawa, ba wurin wucewa. Sai Yari ya leƙo da kansa ta taga, ya ɗaga sanda, ya daka musu tsawa da Hausa, ba da yarensu ba, don duk kasuwa ta ji.

"Ku ba da hanya! Ba ku ga surukina zai wuce ba?"